Yadda Na Kori Mutanen Wata

Ni ne wawan wannan labari, gara in faɗa da bakina kafin wani tsohon Gumel mai dogon tunani ya riga ni. Kuma ba irin wawan da ke yin wautarsa a ɗaki ya rufe ƙofa ba ne. Ni wawan da aka zana da fenti ne, aka yi shekaru ana yawo da ni a kan titi. Duk wanda ya yi zirga-zirga tsakanin Gumel da Maigatari a shekarun saba'in, lokacin muna cikin Jihar Kano, da wuya bai taɓa bin bayan wata roka, babbar mota mai bodin katako, ba, ƙyauren bayanta kore shar, babu komai a jikinsa sai wani baƙin mutum ɗan ƙarami a kusurwa, sanye da tabarau, ya miƙa hannu yana jiran abin da babu mai ba shi. Fasinjoji sun sha gardama a kansa. Wasu suka ce mai roƙon ruwan sama ne, wasu suka ce ɗan sanda ne a bakin aiki. To, ni ne.

A lokacin ina gyaran rediyo. In za a faɗi gaskiya, gyaran nawa bai wuce sauya batir da hure ƙura da ɗan dukan akwatin a gefe ba, amma ina da abin da sauran mutane ba su da shi: na kai aji huɗu kafin a cire ni a mayar da ni gona. Aji huɗun nan na riƙe shi kamar rawani. Na sayi tabarau wanda gilashinsa da na taga duk ɗaya ne, na jera biro a aljihu, na maƙala sukundireba a bayan kunne. Da yake kunnena kullum yana jikin rediyon mutane, duk abin da ya faru a duniya ni ake tambaya, ni kuma ban taɓa cewa ban sani ba.

Ina da taubashi, ɗan gwaggona. Gwaggo ta yi aure a Gagarawa, da mijin ya rasu ta dawo Gumel da ɗanta guda. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, don haka a al'ada ni ne ubangida shi ne bawa, kuma an halatta mana mu ci mutuncin juna daga safe har yamma ba mai shiga tsakani. Sai dai Allah ya yi shi zabiya. Fari ne fat, gashinsa kamar gemun masara, idanunsa ba sa tsayawa wuri ɗaya, rana kuwa in ta taɓa shi sai ta bar masa tabo. Kullum yana cikin malafa mai faɗi da riga mai dogon hannu. Tun yana goye ake magana. Wai gwaggo ta bi ta gindin tsamiya da tsakar rana tana da ciki. Wai an yi mata musanya a bakin rijiya. Wai irinsu ba sa mutuwa, ɓacewa suke yi. Ba a faɗa a gabanta, amma babu wadda ba ta ji ba.

A gida kuwa ni nake faɗa masa a gabansa, don ni kaɗai ke da wannan izini. In na shiga sai in ce, bawana, yaya mutanen ɓoye, sun aiko da goro? Shi kuma ya ce sun aiko, amma sun ce kada a ba mai gyaran da ya kashe rediyon liman. Gwaggo ta yi dariya ta kore mu duka da muciya. Bakinsa ya fi nawa kaifi, sau da yawa ni nake fita da kunya. Abin da ban taɓa tsayawa na lura da shi ba shi ne, duk wannan a tsakar gida muke yinsa, a gaban waɗanda suka san ranar sunansa da nawa.

Sana'arsa rubutu a jikin motoci. Da yake noma ya gagare shi saboda rana, sai ya koyi riƙon burushi a wurin wani mai fentin alluna. Lambar mota, yawan buhun da za ta ɗauka, addu'ar da ake sawa a goshin roka, ɗan fure a gefen ƙofa, iyakarsa ke nan. Saboda raunin ido sai ya kai fuskarsa dab da katako, shi ya sa ba ka taɓa ganinsa hancinsa ba fenti. Direbobi sun san hannunsa na da kyau, amma in suna nemansa ba sa cewa a kira mai zane. A kira zabiya suke cewa. Babban zane na ƙyauren baya, irin su zaki da mikiya da mai doki da bindiga, wannan Kano ake kai wa.

Wata rana na sayi tsire aka naɗe mini a takardar wata mujallar Turawa. Ina warwarewa sai ga hoton mutumin nan da suka ce ya taka wata: farin kaya kamar an cusa shi a buhu, kai kamar tulu, ƙasa kamar toka, sama baƙi ƙirin. Na goge man na kai wa taubashina, ba don komai ba sai don in nuna masa ilimi. Ya kai takardar dab da idonsa ya daɗe yana kallo. Sai ya tambaye ni ko akwai mutane a can. Na gyara tabarau na ce babu, babu iska, babu ruwa, rediyo ya faɗa. Ya ce shi dai a wurin tafsiri ya ji malam na cewa Allah Ubangijin duniyoyi ne, ba duniya ɗaya ba, kuma yana halittar abin da ba mu sani ba.

"Turawan naka gefe guda suka sauka," in ji shi. "Wanda ya sauka a tashar Gumel ya juya, ai ba zai ce ya ga Gagarawa ba."

Na ce masa wannan tunanin bayi ne. Ya ninke takardar ya sa a cikin malafa.

Ba a daɗe ba wani Alhaji daga Sule Tankarkar ya sayo roka, wadda za ta riƙa ɗaukar mutane da kaya zuwa kasuwar Maigatari, sauran kwanaki ta yi Kano. Ganin kai ta Kano don zane zai cinye masa kwanakin aiki, sai ya ce bari ya gwada ɗan gida. Ya ba taubashina ƙyauren baya gaba ɗaya, ya ce ya zana abin da ya ga dama, in dai zai sa mutane su juyo su kalla. Ya ƙara da cewa in abin ya yi kyau, yana da abokai masu motoci, ba za su sake kai aiki Kano ba. Ranar gwaggo ta yi waina ta raba wa maƙwabta ba ta faɗi dalili ba.

Aka cire ƙyauren aka jingine shi a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidansu. Ya kewaye shi da zana, ya hana kowa leƙe, har ni ubangidansa. In na zo sai in ji warin kananzir da fenti, in ji yana ɗan waƙe-waƙe ta hanci. Na ce masa in zaki yake zanawa ya kula kada ya fito da kamannin akuya. Ya ce in ya rasa samfurin akuya zai aiko a kira ni.

Ranar Alhamis aka fito da motar, ranar kasuwar Maigatari. Ni na riga su tafiya a wata motar da akwatin aikina, na kafa tebur kusa da tasha. Hantsi ya ɗaga sai na ga mutane suna barin abin da suke yi suna nufar wuri guda. Masu raƙuma, 'yan kamasho, mata masu nono, mutanen Damagaram da suka tsallako da kaya suna cewa a zo a ga bayan kamyon nan, wato motar. Na rufe akwati na bi su.

Zan faɗi abin da na gani iyakar iyawata, don yanzu babu shi sai a kaina. Ƙasa ce fari-fari kamar toka. Sama baƙi ne, amma ba dare ba ne, don komai a fili yake. Can a sama duniyarmu tana rataye, shuɗiya, ba ta fi lemo ba. A tsakiya akwai rijiya da gwafa da guga, kamar dai rijiyoyinmu. Kewaye da ita mutane ne dogaye, maza da mata da yara, dukansu farare fat, gashi kamar gemun masara, idanu jajaye, kuma babu mai malafa ko ɗaya. Wannan na lura da shi tun a ranar, ban dai gane ba. Suna tsaye kai a buɗe, hankali kwance. Akwai masu shayar da wasu dabbobi da ba raƙuma ba ne ba shanu ba, akwai wani tsoho a kan buzu ya ɗaga hannuwa yana addu'a, ya fuskanci lemon nan da ke sama. Ta kusurwar ƙasa kuma igiyar kaya ta sauko, karen mota ya zauna a sama ya saki ƙafafu, don haka ban ga abin da ke wurin ba. Ko da ma babu igiyar ba na jin zan gani, don bakina ya riga ya fara ƙaiƙayi.

Wurin ya yi tsit, irin shirun da ake yi in an ga abin da ba a saba gani ba kuma ana son a ci gaba da kallo. Taubashina yana gefe a inuwar motar, malafa ta rufe rabin fuska, amma ina ganin bakinsa yana ƙoƙarin kada ya yi murmushi. Na ji wani direba yana tambayar wa ya yi wannan aiki, aka ce masa ga mai zanen can. Mai zane aka ce. Da kunnena na ji.

Sai wani dattijo daga tsallaken iyaka ya ce, to su waye waɗannan, wane gari ne? Idanu suka dawo kaina, tunda ni ne mai tabarau da biro. Da na ce mutanen wata ne, da an ce ikon Allah an watse. Amma taro ya yi taro, ga bawana a tsaye ana yaba shi, ni kuwa ban taɓa barin a yabe shi ba tare da na sa baki ba. Na gyara murya kamar mai karanta labarai, na ce ai wannan ba tambaya ba ce mai wuya. Dangin ubansa ne. Garinsu ne na asali, can yake zuwa ziyara duk daren Juma'a, shi ya sa ya zana su ba tare da ya duba takarda ba. Na nuna tsohon da ke kan buzu na ce ga kakansa, sarkin aljanun tsamiya. Na ce Alhaji ya yi sa'a, ya samu karnukan mota da ba sa cin abinci.

Mutanen Gumel uku ko huɗu da suka san mu suka yi dariya. Na juya ina jiran martani, don a gida kafin in rufe baki ya riga ya rama. Sai kawai ya ɗan ja malafar ƙasa.

Sauran jama'ar ba su san ni ɗan kawunsa ba ne. Ba su san akwai wani wasa a tsakaninmu ba. Abin da suka gani shi ne wani malami mai tabarau, wanda ya san mai zanen tun yana yaro, ya tsaya a bainar jama'a ya ba da shaida. Suka dubi fararen mutanen da ke jikin katako, suka dubi farin mutumin da ke tsaye a inuwa. Wani Bafulatani ya yi a'uziyya ya ja ɗansa baya. Wata mata da ta riga ta ɗora ƙullin kayanta ta ce a sauko mata da shi. Na fara cewa wasa nake yi, taubashina ne, amma maganar farko ta riga ta shiga kasuwa, ta biyun kuwa ba ta da daɗin maimaitawa. Kafin la'asar na ji labarin a rumfar masu gishiri, ya riga ya yi kitso: wai zabiyan da kansa ya amsa, wai in motar ta yi nisa fararen nan sauka suke yi su tura ta.

Da yamma rokar ta koma Gumel da buhunan kanwa da fasinjojin da ba su cika benci biyu ba. Ni na hau wata motar. Na gaya wa kaina wai don ta fi sauri ne.

Na ɗauka mako guda zai wanke maganar. Sai Allah ya sa a Alhamis ta gaba tayar baya ta fashe a kan hanya, abin da ke faruwa da kowace mota kowane mako. Ba wanda ya ji ciwo, awaki biyu ne suka tsere cikin gero. Amma shi ke nan, an samu hujja. 'Yan kamasho suka daina kiran lodi in ta shigo tasha, suna cewa ba za su ɓata muryarsu a banza ba.

Na sa riga mai kyau na hau keke har Sule Tankarkar na sami Alhaji a zaure. Na durƙusa na yi masa bayani tun daga kakanmu, wane ya haifi wane, wance ta auri wane. Ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce ya sani, shi ma yana da taubasai, kuma zanen ya fi na Kano, har yana fita da safe ya tsaya yana kallonsa. Amma shi ba zai iya tsayawa a kowace tasha yana karanta wa fasinja asalin gidanmu ba. Ya ce ya riga ya aika da koren fenti, a shafe aljanun. Abokansa masu motoci kuwa, ya ce in bar maganarsu tukuna. Ban sake jin an tayar da ita ba.

Na yi kwanaki ina zagaye unguwar gwaggo ta bayan masallaci. Abin da ya fi damuna, ba ta aiko a kira ni ba, ba ta kai ƙarata wurin babana ba. Ranar Juma'a ma ta aiko mini da dambu kamar yadda ta saba. Na ci ina jin kamar yashi nake taunawa, amma na cinye, kada a ce a cikin labarin nan na yi wani abin kirki.

Da na ga ɓuyan ba zai ƙare ba, sai na nufi gidan da safe. Na shirya maganata tun a hanya: zan shiga da wasa, in kira shi bawana, ya zage ni, a yi dariya a wuce wurin. Na tarar an sake jingine ƙyauren a gindin darbejiya, wannan karon ba a kewaye shi da zana ba. Gwaggo tana zaune a bakin zaure tana tsince wake. Na gaishe ta, ta amsa, ta tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya, ba ta ɗago kai ba.

Shi kuwa yana tsugune da babban burushi. Sama ta riga ta tafi, duniyarmu ta tafi, tsohon da ke addu'a ya tafi. Yana bi a hankali, fuskarsa dab da katako, yana shafe su ɗaya-ɗaya kamar mai rufe yara da bargo. Saura kusurwar ƙasa, wadda igiya ta rufe a Maigatari. Nan na ga abin da ban tsaya na gani ba.

Baƙo ne ya iso garin. Baƙin mutum guda ɗaya tak a cikin fararen, gajere, da ƙura a ƙafa, ga alama daga lemon nan ya faɗo. Yana da tabarau. Yana da biro a aljihu. A bayan kunnensa akwai wani ɗan jan layi, wanda da na matsa na ga sukundireba ce. Ba wanda ya ja ɗansa baya. Wani yaro yana shimfiɗa masa tabarma, wata tsohuwa fara mai kama da gwaggo ta miƙo masa ƙwaryar ruwa da hannu biyu, shi kuma ya miƙa hannu zai karɓa.

Na manta wasan da na shirya. Ina tsaye ya tsoma burushi ya shafe yaron da tabarmar. Ya shafe tsohuwar daga kai zuwa ƙafa. Ƙwaryar ya bari daga ƙarshe, ya ɗauko ƙaramin burushi ya bi gefenta a tsanake don kada kore ya taɓa yatsun baƙon. Sannan ya jefa burushin cikin kananzir ya fara rufe gwangwani.

Ya kamata a ce abin da ya fito daga bakina a lokacin ban haƙuri ne. Amma na gaya muku tun farko ko wane ne ni a labarin nan. Abin da na hango shi ne tashar Maigatari ranar Alhamis, da mutanen Gumel suna nuna bayan mota suna nuna teburina.

Na ce, "Haba bawana, ai ka manta ɗaya. Shafe wannan ma, mutane za su gane ni."

Ya goge hannu da tsumma, ya ɗago malafar ya dube ni da idanun nan nasa da ba sa tsayawa.

"Aljanu Alhaji ya ce in shafe, ubangidana. Kai ai mutum ne. Tsaya nan kai kaɗai a yi ta nuna ka da yatsa. Ni tun ranar da aka haife ni nake tsaye a wurin, ban mutu ba."